Ku Bar Baba Ya Taka Zuwa Masallaci

Assalamu alaikum 'yan uwana na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi.

Akwai wata ƙauna da muke nuna wa iyayenmu alhali tana cutar da su. Baba ya ɗauki sandarsa zai tafi masallaci, sai mu ce, "Baba zauna, bari a tsayar maka da pragya (keke mai ƙafa uku)." Hajiya ta sunkuya za ta yi shara, jika ya karɓe tsintsiyar. Daga tabarma sai kujera, har ƙafa ta yi nauyi, hawan jini da ciwon suga su samu wurin zama.

Ku tuna Banu Salima, wata ƙabila ta Madina da gidajensu ke nesa da masallaci. Sun so su taso su dawo kusa da masallacin Manzon Allah (SAW), sai ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takunsu. Muslim ne ya ruwaito. To don me za mu hana tsohonmu ladan da ake rubuta masa taku bayan taku?

Bugun zuciya yana zuwa ne idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe. Likitoci sun lura cewa tsohon da ya saba motsa jiki bai cika kamuwa da shi ba, in ma ya same shi ya fi saurin farfaɗowa. Ajali na Allah ne, wannan ba musu, amma shi ne ya ba mu jikin amana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana 5, tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashi amma ba ta hana magana ba. Zuwa da dawowa na salloli biyar zai iya cin rabin awar nan, musamman asuba kafin rana ta yi zafi. Ka raka shi, ka riƙe masa hannu wajen tsallake kwata.

Wanda ya taɓa kamuwa da bugun zuciya kuwa, kar a kwantar da shi shekara guda don tsoro. A tambayi likitansa yadda zai fara, a bi a hankali.

In tsoho ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ciwon na sauka hannu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, kar a tsaya shafa man zafi ana cewa gyambon ciki ne. A yi masa addu'a a cikin mota, a kira lambar gaggawa 112 ko a wuce asibitin Komfo Anokye nan take.