Ba kowace "al" a Sifaniyanci ce Larabci ba

Masu cewa duk kalmar Sifaniyanci da ta fara da "al" daga Larabci take suna da rabin gaskiya, amma rabin ne kawai. Tun shigar Ɗariƙu bn Ziyad a 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492 ana Larabci a Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka, kuma kicin ya fi ko'ina riƙe sawunsa. Mutanen can sun haɗiye kalma har da alif da lam ɗinta, kamar yadda muka yi wa albasa da alkama.

Wanda ya yi tajwidi zai fi kowa saurin gane abin. Inda lam ƙamariyya take, ana jin ta: albóndiga, dunƙulen niƙaƙƙen nama, daga al-bunduƙa, wato ɗan ƙwallon 'ya'yan itace mai ɓawo. Tushen nan ne ya ba mu bindiga, saboda harsashin dā dunƙule ne. Inda lam shamsiyya ce kuwa, sai ta ɓace. As-sukkar ya koma azúcar, ar-ruzz (shinkafa) ya koma arroz, az-za'afaran ya koma azafrán, az-zait (mai) ya koma aceite, wanda yau har man inji suke kira da shi. To mai farautar "al" kaɗai duk zai tsallake waɗannan.

Sannan zai kwaso abin da ba nasa ba. Almendra, 'ya'yan itacen da ake cika kayan zaƙin Sifaniya da su, daga Latin ta fito, Latin kuma ta aro daga Girkanci. Kama da wane ba ta wane.

Shi kansa sukari Larabawa dillalai ne kawai. Daga Indiya sunan ya taso, ya bi ta Farisa a matsayin shakar, kafin ya iso gare su. Italiyawa sun karɓa babu lam, suka ce zucchero, mu ma sukari muka ce.

Akwai kuma tulin da bai san Larabci ba sam. Bayan Sifaniyawa sun ci babban birnin daular Aztek ta Meziko a 1521, harshen Nahuwatil na Meziko ya ba su tomate daga tomatl, aguacate (fiya) daga ahuacatl, da chile (barkono). Tumatirin miyarmu daga can sunansa ya taso, ya biyo ta bakin Turawan Ingila. Maíz, wato masara, daga mutanen Taino na tsibiran Karibiyan take.