Masu kurmi a kan dutse su ma a riƙa biyan su

Gaskiya wani labari da na ji na ƙasar Kosta Rika ya taɓa ni sosai, wai tun 1997 gwamnatinsu ke biyan mutanen da suka mallaki daji a kan tsaunuka kuɗi don kawai kar su sare shi, kuma daga harajin man fetur ake cire kuɗin. Ni ɗan Gembu ne a kan tsaunin Mambila, na san abin da ake nufi. Babanmu yana da wani ɗan kurmi a kwarin gonarsa da ya gada, a gindinsa akwai idon ruwa wanda ko a watan Maris ba ya ƙafewa, mata daga unguwa uku suke zuwa ɗiba da jarkoki, Fulani su shayar da shanu, ga zuma da muke samu a amya, amma ba wanda ya taɓa ba shi ko sisi. Maƙwabcinmu kuwa ya sare nasa ya dasa itatuwan turare saboda masu katako suna biya nan take, shekara kaɗan rafinsa ya zama laka, damina na zuwa ƙasa ta zaizaye ta rufe masarar mutane a gangare. Kuma ba na ganin laifinsa wallahi, yara na makaranta, me zai yi? Kogin Donga fa daga tsaunin nan yake tasowa har ya faɗa Binuwai, mutanen ƙasa suna shan ruwan da kurmin talaka ya riƙe. Don Allah gwamnatin Taraba ta duba wannan tsari, ko da buhun taki ne a fara ba masu kurmi duk shekara.