Abokin ɓarawo ɓarawo ne, har da lauyansa?

Duk lokacin da aka gurfanar da wani kan zargin sata, lauya ya miƙe ya ce shi ke tsaya masa, sai ka ji ana gunaguni a bayan kotu: "Ga wani ɓarawon nan mai kwat." Na sha jin wannan magana, har daga bakin mutanen da nake ganin girmansu, kuma ban taɓa yarda da ita ba.

Hujjarsu kullum ɗaya ce, wai ai an kama shi da kayan a hannu. To samun kaya a hannun mutum daban, sata daban. Dokar sata ta Ingila ta 1968 ta ce sai mutum ya ɗauki dukiyar wani, cikin rashin gaskiya, da nufin raba mai ita da ita har abada. Kowace gaɓa a nan mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da ita, in ɗaya ta gagara tuhuma ta rushe. Shi ya sa wanda ya ɗauki motar wani ya sha yawo ya dawo da ita sai da dokar ta ware masa laifinsa daban a sashe na 12, don babu nufin riƙewa. Sashe na 2 kuma ya ce wanda ya ɗauki abu yana ganin doka ta ba shi haƙƙin ɗauka, ba za a kira shi marar gaskiya ba. Ka ɗauki ma'aikacin da aka hana albashin wata uku, ya ɗauke keken ɗinkin maigidansa da rana tsaka yana cewa a biya shi ya dawo da shi. Bai kyauta ba. Amma a haɗa shi da mai haura katanga da tsakar dare? Ko yaron da ya sayi waya ta hannu babu rasit, aka bi sawunta har aljihunsa. Tambayar a kansa ita ce ko ya san ta sata ce, kuma in babu mai yi masa wannan tambaya a gaban alƙali, ba wanda zai yi.

Masu ganin wannan duk wayon Bature ne su koma littattafan fiƙihu. Haddi ba ya hawa kan mutum sai kayan sun kai nisabi, an ɗauke su daga inda aka killace su, kuma babu shubuha. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Malaman tafsiri kuma sun ruwaito cewa ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105 sun sauka ne kan wani sulke da aka sace a Madina aka kai gidan wani Bayahude. Na san za a ce ai ayar ce ta hana yin husuma domin maha'inta. Haka ne, kuma lauyan da ya shirya shaidar zur ko ya yaudari kotu ya ci amanar aikinsa, ba na kare shi. Amma a lura da gidan da aka sami sulken: gidan wanda bai ji ba bai gani ba.

Inda aka fi yin asara ma tun kafin kotu ne. Na taɓa raka wani saurayi ofishin 'yan sanda, na tarar har an rubuta masa bayani an miƙa masa biro, ana ce masa ya sa hannu kawai a kashe maganar ya tafi gida. Hannunsa na rawa, ko layi ɗaya bai karanta ba. Irin wannan takarda ce ake ɗagawa a kotu a ce ya amsa laifi da bakinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan Adam na farar hula da siyasa, a sashe na 14, ta haramta tilasta wa mutum amsa laifi, ta kuma ba shi damar ganawa da lauya. Cewa "sai lauyana ya zo" ba rashin kunya ba ne.

A 1961 an kama Clarence Gideon a jihar Florida ta Amurka, ana zarginsa da fasa wani gidan wasan sunuka, an same shi da 'yan sulalla a aljihu. Ya roƙi kotu ta ba shi lauya don ba shi da halin ɗauka, aka ƙi. Ya kare kansa iyakar iyawarsa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya rubuta wa Kotun Ƙoli koke da fensir, a watan Maris na 1963 alƙalai 9 duka suka ce an tauye masa haƙƙi. Aka sake shari'ar, wannan karon da lauya. Mutumin da ya ce ya gan shi da idonsa, wanda maganarsa ta ɗaure shi a karon farko, lauyan ya bi shi da tambayoyi kan abin da ya tsayar da shi a wurin da asuba, har maganar tasa ta fara tangal-tangal. Aka wanke Gideon ya fita, bayan ya riga ya kwashe shekara 2 a ɗaure.