Ficewar Nijar daga ECOWAS: wa ya tambayi mutanen kan iyaka?

Tun ranar 28 ga Janairun 2024, lokacin da gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda 'yan Nijar ke kira CEDEAO, ba a daina musu a kan lamarin ba. A majalisun hira da gidajen rediyo da Facebook, mutane sun rabu gida biyu. Wasu na cewa Nijar ta tsinke igiyar bauta, sai yanzu ta samu 'yancin kai na gaskiya. Wasu na cewa sojoji ne suka guje wa mai tambayarsu ranar zaɓe. Ni a ganina musun ya tsallake waɗanda abin ya fi shafa: ɗan kasuwar da ke ɗauko albasa daga Galmi zuwa Illela, da makiyayin da ke koro shanu zuwa Maigatari, da matar da ke aure a Maraɗi alhali iyayenta na Katsina.

ECOWAS ita ta jawo wa kanta wannan fushi, kuma ba na jin mai adalci zai musanta. Kwana huɗu bayan da Janar Abdourahamane Tiani ya hamɓarar da Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatarta daga gare ta. Manyan motoci ɗauke da abinci da magani suka yi jerin gwano a bakin iyaka. Wanda ya kwana cikin duhu a Yamai, da majinyacin da ya rasa magani, ba su ne suka yi juyin mulki ba. Ga shi kuma ƙungiyar da ta zare ido a kan sojoji ta yi gum a 2020 lokacin da Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kwaddebuwa suka nemi wa'adi na uku. Shi ya sa sanatocin arewacin Najeriya suka ƙi amincewa da yaƙin, malamai da sarakuna kuma suka yi ta sintiri tsakanin Abuja da Yamai. Kafin a ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Sai dai fushi da ƙungiya daban, yanke wa al'umma hukuncin fita daga cikinta daban. Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ECOWAS a Legas a 1975. Zaman kusan shekara hamsin aka kawo ƙarshensa da takarda guda da aka karanta a talabijin. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, babu kuma majalisar da za ta tattauna, domin an rusa ta tun ranar juyin mulki. Magoya bayan ficewar sukan nuna dubban mutanen da suka cika filin wasa na Seyni Kountché da titunan Yamai, su ce ga ra'ayin talaka. Na yarda mutanen nan da zuciya ɗaya suka fito. Amma gangami na nuna waɗanda suka fito ne kawai, ba ya ƙirga wanda ya zauna gida don bai yarda ba ko don yana tsoro. A ƙasar da aka dakatar da jam'iyyun siyasa, daga baya aka rusa su baki ɗaya a Maris na 2025, mai saɓanin ra'ayi ba shi da dandalin da zai faɗi nasa.

Mutane kan kawo misalin Birtaniya, su ce ai ita ma ta bar Tarayyar Turai kuma duniya ba ta tashi ba. Haka ne. To amma a can sai da aka tambayi jama'a a ranar 23 ga Yunin 2016, mutum miliyan 17.4 suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna. Daga nan aka shafe fiye da shekara uku ana ja-in-ja kafin ficewar ta tabbata a ƙarshen Janairun 2020. Abin da ya fi ba su wahala shi ne iyakar da ta raba tsibirin Ayalan, mai tsawon kimanin kilomita 500, inda dangi ɗaya ke zaune a ɓangarorin biyu. Tamu iyakar, ta Najeriya da Nijar, ta ninka wannan kusan sau uku, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno. Ba mu ga an yi wa mutanenta irin wannan zama ba.

Za a ce ai babu abin da ya sauya, mutane na shiga suna fita. A yanzu kam haka ne. Ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar ta fara aiki, ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, su riƙa shiga ba tare da biza ba, kayansu kuma su ci moriyar tsarin ciniki na yankin, har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa. Ƙawancen ƙasashen Sahel da ƙasashen uku suka kafa, wato AES, shi ma ya ce ƙofarsa a buɗe take. A nan damuwata take. A da, yarjejeniyar 1979 ce ta bai wa Bakatsine damar zama a Damagaram har kwana 90 ba biza, haƙƙinsa ne a rubuce. Yau alfarma ce, kuma mai yin alfarma yana iya janye ta ranar da ransa ya ɓaci. Mun ga iyakar Nijar da Benin ta ci gaba da zama a rufe bayan ɗage takunkumi, saboda saɓanin gwamnatoci biyu. Mun ga a Maris na 2025 AES ta sanya harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Kuɗin ba yawa, amma ya nuna cewa kowane ɓangare na iya sauya doka shi kaɗai.

Akwai wata asarar da ba a cika ambata ba. A 2007 wata 'yar Nijar, Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita tana 'yar shekara 12, ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun ECOWAS. A 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar jaka dubu goma ta sefa, wato sefa miliyan 10. Mace marar gata ta yi nasara a kan hukuma. Wannan ƙofa ce da ficewar ta rufe wa talakan Nijar, kuma ya cancanci a faɗa masa haka ƙarara kafin a rufe ta.

Ba ina kiran Nijar ta koma ECOWAS gobe ba ne. Wannan hukuncin 'yan Nijar ne, ranar da aka ba su damar yanke shi. Abin da nake nema bai kai haka nisa ba. Muritaniya ta fice a shekarar 2000, amma a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar. Najeriya da Nijar kuwa suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, hedikwatarta na Yamai, kuma ministocin harkokin wajensu sun gana a can a Afrilun 2025. To a yi amfani da wannan hukuma a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kan shige da fice, da kiwo, da kuɗin fito, da wutar lantarki, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ta yadda rikicin shugabanni ba zai sake rufe Jibiya ko Kwangwalam ba. A teburin kuma a ajiye kujera ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da makiyaya da sarakunan garuruwan kan iyaka, su faɗi abin da suke so a rubuta.