Ku daina ce wa Astro Bot wasan yara

Wallahi na gaji da wannan magana. Tun da aka tashi daga bikin The Game Awards a Los Angeles ranar 12 ga Disamba 2024, aka ce Astro Bot ne gwarzon gem na shekara, duk inda ka leƙa kuka ɗaya ake yi: an yi wa Black Myth: Wukong fashi, an ɗauki kambu an miƙa wa wasan yara. Jiya har wani ya rubuta min cewa duk magidancin da ya zauna yana buga Astro Bot ya ji kunya. Na ce masa, ɗan'uwa, ka taɓa bugawa ko da mataki ɗaya? Bai taɓa ba. Guntun bidiyo ya gani a TikTok ya yanke hukunci.

To ni na buga duka biyun, kuma da babbar murya nake faɗa, Astro Bot halaliyarsa ya ci.

Me ake nema a gem in ba daɗin bugawa ba? Akwai matakin da za ka danna maɓalli ɗaya ka koma ɗan ƙanƙani kamar ɓera, ɗakin da ka ratsa yanzu ya zame maka gari guda, ka kutsa ta ramin da ɗazu ko lura da shi ba ka yi ba. Akwai wanda za ka zama soso, ka tsotse ruwa ka kumbura ka yi ƙato, ka matse kanka ka kashe wuta. Hannun gem ɗin kansa, wato abin da kake riƙewa ka buga, yana magana da tafinka: takun Astro a kan yashi daban, a kan ƙarfe daban, a kan ƙanƙara daban, ko ka rufe ido za ka gane. Kuma da zarar ka fara sabawa da dabara ɗaya, sai su ajiye ta su kawo maka sabuwa. Mutanen Team Asobi da ke Tokyo, waɗanda suka ƙirƙiro gem ɗin ƙarƙashin Nicolas Doucet, ba su ɓata min ko minti ɗaya ba. Wannan shi ne wasan yaran?

Za a ce Wukong ya fi ciniki. Gaskiya ne, kwafi miliyan 10 ya sayar cikin kwana uku bayan fitowarsa a Agusta 2024. Madalla. Amma kyautar ba ta wanda ya fi ciniki ba ce, da haka ne da gem ɗin ƙwallo ya sha lashewa. Za a ce jama'a Wukong suka zaɓa. Ai an ba shi kyautar zaɓin jama'a, an kuma ƙara masa da ta gem ɗin faɗa. Tsarin babbar kyautar kuwa ba ɓoyayye ba ne, kashi 90 na alƙalai ne daga kafafen labarai, kashi 10 na masu ƙuri'a a intanet. Kowa ya san da haka kafin a fara.

Kuma ina son Wukong, kada a juya min magana. Game Science, kamfanin da ya yi shi, sun ɗauko tsohon labarin sarkin birrai na ƙasarsu ta China sun nuna wa duniya, faɗan da ake yi da bos-bos ɗinsa, wato manyan abokan gaba, na sa zuciya bugawa. Sai dai mu faɗi gaskiya. Sau nawa ka hango hanya shimfiɗe a gabanka, ka nufe ta, ka yi karo da bangon da ba a gani? Da ya fito ko taswira babu, ka yi ta bulayi a daji ɗaya. Kyan hoto ba ya rufe wannan.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muka ɗauka sai an ga jini da duhu da fuska a murtuke sannan abu ya zama na manya. A watan Agustan 2024 dai Sony ta fito da Concord, gem ɗin harbe-harbe da aka narka wa dukiya. Sati biyu ya yi aka rufe shi aka mayar wa mutane kuɗinsu, a ranar 6 ga Satumba, ranar da Astro Bot ya fito. Shi kuma wannan da kuke rainawa ba ya ce maka sayi riga ko sayi makami bayan ka biya kuɗinsa, ƙarin matakan da suka biyo baya ma kyauta aka bayar. Za ka buga shi da 'yarka a gefenka ba tare da ka yi wuf ka kashe talabijin ba idan mahaifiyarka ta shigo falo. Wannan ba abin kunya ba ne, abin yabo ne.

Ƙorafi ɗaya na yarda da shi: a na'urar PS5 ta Sony kaɗai yake, kuma kuɗin PS5 ba na kowa ba ne. Shi ya sa nake roƙon masu gidajen gem da Allah ya hore wa na'urar. Don Allah yallaɓai, ba ƙwallo da Mortal Kombat kaɗai aka yi a duniya ba. Yaro ya biya kuɗin awa, daga Madrid sai Barcelona, gobe ma haka. Ku sa musu wani abu daban ko a talabijin ɗaya ne. Kuma ku riƙa gyara hannayen nan da sandarsu ke tafiya da kanta, yara na biyan kuɗi suna shan ci ba da laifinsu ba.