Kamun Baba

"Kamu goma sha biyu na farar shadda nake so, kuma da hannuna za a auna."

Alhaji mai shago ya jawo sandar awo, ya ce, "Baba, ai lissafin ba shi da wuya. Kamu biyu yadi guda ne, gaba guda kuwa yadi biyu, saboda haka kamu goma sha biyu yadi shida ke nan."

"Shi yadin nan hannun wane ne?"

"Ba hannun kowa ba ne, Baba, sanda ce."

"To, ba na sayen tufa da hannun wanda ban san ubansa ba."

Tsoho ya naɗe hannun riga, ya kafa gwiwar hannu a bakin shaddar, ya miƙe yatsan tsakiya tare da farcen da bai ga aska ba tun ƙaramar Salla. Shi kuwa dogo ne, wanda babu rumfar da yake shiga a kasuwar Tawa sai ya sunkuya.

Alhaji ya ga jarinsa yana tafiya, ya ce, "In dai kamu kake so, bari in kira yarona ya auna maka."

"Shi ne zai sa rigar?"

Sai ga Tela da ma'auni rataye a wuya, yana wucewa da sauri don kada masu ɗinkin bara su hango shi. Aka tare shi ya raba gardama. Ya gyara murya, ya ce, "Mita santimita 100 ce cif, yadi kuwa 91.44, haka Ingila da Amurka suka tsayar da shi tun 1959, shi ya sa yadi shida bai ko cika mita biyar da rabi ba."

"Ka ce 1959? Ashe na girme shi! Ina kiwon awakin mahaifina aka haifi abin nan, yau kuma shi zai gaya mini tsawon hannuna?"

Da ƙyar ya yarda aka ɗora masa ma'aunin, bisa sharaɗin a haɗa da farce. Tela ya duba, ya ce, "Kamun Baba santimita 52 ne, sau goma sha biyu ya zama 624, wato yadi bakwai saura santimita 16."

Alhaji ya dafe ƙirji. "Bakwai a kuɗin shida?"

"Allah ne ya ba ni hannun, Alhaji, ka kai ƙara can."

Tela, wanda ƴaƴansa suke zuwa idi sanye da ragowar yadin unguwa duka, ya sassauta murya, ya ce, "Gaskiya, Baba, mutum mai cikar zati kamarka, bakwai ba za su yi masa riga da wando ba. A yanka takwas."

"Takwas kamu nawa ne?"

"Goma sha shida."

Tsoho ya sake naɗe hannun riga. "Kamun wa?"