Sunan littafi a goshin rijiyar mai

Ranar 20 ga Afrilu 2010 wata rijiyar mai ta fashe a tekun da ke kudancin Amurka. Ma'aikata 11 suka rasu, ɗanyen mai ya yi ta kwarara cikin ruwa har kwana 87. Sunan rijiyar Macondo. Duk wanda ya karanta shahararren littafin nan na Gabriel García Márquez, One Hundred Years of Solitude, da ya fito a 1967 ya san sunan. Wani ƙagaggen gari ne da kamfanin ayaba na ƙasar waje ya shiga ya tatse, daga ƙarshe guguwa ta share shi daga doron ƙasa. Wanda ya raɗa wa rijiya wannan suna, ko dai bai kai shafin ƙarshe ba, ko kuwa ya kai bai damu ba.

Ban ce suna ne ya fasa rijiya ba, siminti ne ya ƙi riƙewa, ga kuma sakaci. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar sunan littafi kamar rigar aro, a sa don ado, ba a tambayi wanda aka ɗinka wa ba.

Dubi abin da ƙasar Chile ta yi a 1966. Tana da wani tsibiri inda wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotilan, Alexander Selkirk, ya zauna shi kaɗai daga 1704 zuwa 1709. Ana ganin labarinsa na cikin abin da ya zaburar da Daniel Defoe ya rubuta Robinson Crusoe a 1719. Don jawo masu yawon buɗe ido sai gwamnati ta sauya wa tsibirin suna zuwa Robinson Crusoe, mutumin da ba a taɓa haifa ba, wanda ko a cikin littafin ma can wajen bakin kogin Orinoco ya maƙale, wato ɗaya gefen nahiyar. Shi kuwa Selkirk, mai jini da tsoka, aka liƙa sunansa a wani tsibirin maƙwabci da bai taɓa taka wa ƙafa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa mutanen Aracataca, mahaifar Márquez a Kolambiya, suke burge ni. A 2006 aka kira ƙuri'ar jin ra'ayi don a ƙara Macondo a sunan garinsu. Yawancinsu suka yi zamansu a gida, ƙuri'u ba su kai adadin da ake buƙata ba, magana ta mutu.

To, sai a hana aron ke nan? A'a, kuma nan ne nake rabuwa da masu zafin kishin adabi. A 2011 lauyoyin Chinua Achebe suka tare mawaƙin Amurka 50 Cent, wanda ya shirya fim da sunan littafin Achebe, Things Fall Apart. Rahotanni sun ce an yi tayin dala miliyan ɗaya, aka ƙi karɓa, dole aka ƙara kalma ɗaya a gaban sunan fim ɗin. Na fahimci ɓacin ran dattijon: littafin 1958 da aka fassara zuwa harsuna fiye da 50 bai kamata ya ɓace a bayan hoton wani fim ba. Amma shi ma Achebe daga wata waƙar W. B. Yeats ya tsinko kalmomin. Mu ma a Hausa haka ne. Magana Jari Ce da Jiki Magayi zantukan hikima ne da ke bakin mutane kafin a buga su a bangon littafi. Bambancin kawai, Achebe ya rubuta baitocin Yeats a farkon littafinsa, kowa ya ga inda ya ɗebo, kuma abin da ya gina ya yi daidai da nauyin kalmomin.

Wannan shi ne ma'aunina: mai aro ya san abin da ya ara, kuma ya bar hanyar da za ta mayar da mutum ga littafin. Tashar jirgin ƙasa ta Waverley a Edinburgh ta cika sharaɗin, don kana fita daga cikinta za ka ga dogon ginin tunawa da Walter Scott, marubucin littafin da ta ci sunansa.

Ɗaya gefen kuma ga Big Brother. George Orwell ya ƙirƙiri sunan a littafinsa na 1949 don ya tsoratar da mu game da mulkin da ke leƙen mutum har cikin ɗakin kwanansa. A 1999 wani gidan talabijin a Holan ya mayar da shi sunan shirin nishaɗi, aka kwaikwaya a ƙasashe da dama. Yau matasa ne ke bin layi suna roƙon a kulle su a gida ɗaya, kyamara na kallonsu dare da rana.